Bidiyon da na turo jiya, da abin da Sadiq ya gaya min

Baban Sadiq (Gangare):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kafin komai ina neman afuwa kan bidiyon da na turo jiya da daddare, wanda aka rubuta a ƙasansa cewa an kakkaɓo jirgin yaƙi. Na goge shi. Ashe gem ne. Kuma ba wani masani ne ya gano ba, Sadiq ɗina ne, ɗan shekara 14. Da safe ina shan koko na miƙa masa wayar na ce zo ka ga abin da ake yi a duniya, kai kana nan kana wasa. Bai yi sakan biyar yana kallo ba ya ce, "Baba, wannan ai Arma 3 ne." Ya nuna min yadda hayaƙin ke tashi kamar an zana shi, ya ce kuma in duba, ba mutum ko ɗaya da ke gudu a ƙasa. Wallahi kokon bai ƙara shiga ba.

Amma ba kunyar ce ta sa na yi wannan dogon rubutu ba. Tun safe ina kan keken ɗinki abin na yi min yawo a kai. Jiya tsakanin magariba da isha na duba sakamakon wasan Arsenal, Sadiq ya karɓi wayar ya yi harbe-harbensa na Call of Duty, na karɓa na ga wata uwa a Sudan zaune gaban gawar ɗanta, na ce innalillahi, na ja da yatsa na wuce, sai ga wani yana zagin alƙalin wasa. Duk a gilashi ɗaya, duk da babban yatsa ɗaya. Abin da ya tsorata ni shi ne da na kwanta, fenaretin da aka hana mu ne ya hana ni barci. Matar nan ban sake tuna ta ba sai yau. Ni kaɗai ne haka, ko zuciyata ce ta fara bushewa?

Ɗan Rikkos:
Wa alaikumus salam Baba. Ni tun jiya na gane, na yi shiru ne don kada a ce yaro ya yi wa babba gyara a bainar jama'a. Ba ku kaɗai ba ne. Gem ɗin nan tun 2013 ya fito, wani kamfani ne na ƙasar Cek mai suna Bohemia Interactive ya yi shi, kuma an sha yanko shi a ce yaƙin Yukren ne, a ce na Gaza ne. Har gidajen talabijin sun taɓa faɗawa. Kamfanin da kansa sai da ya fitar da bayanin yadda za a gane: hoton ba ya fita sosai, kamara na rawa, yawanci da daddare ne, kuma da wuya ka ga mutane suna motsi. Ko bidiyon matuƙin jirgin nan da aka yi ta yaɗawa a farkon yaƙin Yukren a 2022, wai fatalwar Kyiv, daga wani gem ɗin jirage aka ciro shi.

Na Chelsea Har Abada:
Ba zuciyarka ce ta bushe ba Baban Sadiq, Arsenal ce. Duk mai goyon bayanta dole ya riƙa kwana da hawan jini.

Maman Hanifa:
Kai dai ba a taɓa yin maganar kirki ka bari ta kai ƙarshe. Baban Sadiq, tambayarka ta taɓa ni. Ni ina da maza uku a gida, babban 17. In aka kawo wuta gidan nan komawa yake fagen fama, daga wannan ɗaki "na kashe shi", daga wancan "ku rufa min baya". Ran nan na ji ƙaramin yana cewa ya kashe mutum 19 yana murna, sai da gabana ya faɗi. Mu da muka ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 a garin nan na Jos, kalmar kisa ba abin wasa ba ce a kunnenmu. Na ƙwace wayoyin kwana uku, mahaifinsu ya ce na cika tsanani.

Ɗan Rikkos:
Anti, da girmanki, ba mutum yake nufi ba, maki yake nufi. Kamar a ce an ci ƙwallo 19. Ni tun 2019 da Call of Duty na waya ya fito nake bugawa, kuma ko kaza ban iya yankawa, ƙanwata ake kira.

Maman Hanifa:
To ai shi ne abin da Baban Sadiq ke faɗa. Kai ka san maki ne. Amma idon da ya saba ganin mutum ya faɗi a ce maki, ranar da ya ga na gaske a waya me zai ji?

Ɗan Rikkos:
Amma Anti wa ya gane bidiyon jiya na ƙarya ne? Mai gem ɗin ne fa. Su Baba da ba sa bugawa su suka yi ta turawa. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to wannan karon yaron yana zaune a ƙasa ya hango.

Baban Sadiq (Gangare):
Na karɓa. Ci gaba da duka, na ba da baya.

Kawu Na Jets:
Ku bari in sa baki, ko da yake rubutu a waya wahala yake ba ni, jikata ke taya ni. Mu a zamaninmu labarin yaƙi lokaci gare shi. Rediyo ce. Ka tashi da asuba ka kama BBC, da rana ka ji Jamus, da daddare Muryar Amurka, sai a kashe a koma hira. Lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1991 a teburin mai shayi na bakin Masallacin Juma'a muke taruwa, rediyo ɗaya a tsakiya, mai shayi ya daina kaɗa kofi in an fara kanun labarai. In an gama a yi ta gardama har shayi ya huce. Yaran da aka haifa a shekarar nan da yawa Saddam aka sa musu, wasunku a zauren nan kun san su. Amma in an kashe rediyo an kashe. Mutum yana da sa'o'i da zai juya abin da ya ji a ransa. Ku kuwa yanzu yaƙin yana aljihunku, kuna banɗaki yana biye da ku. Ba zuciya ce ta bushe ba, ɗana. Ƙasa ma in ruwa ya yi mata yawa ba ta sha, gangarewa yake.

Ƙwallo kuma haka. Ranar wasan Mighty Jets, ƙungiyarmu ta Jos, tun hantsi ake rufe shaguna. Sam Garba, Isma'ila Mabo, Baba Otu. Mu muka fara ɗaukar kofin lig na ƙasa a 1972. A shekarar ne kuma Bendel Insurance ta hana mu kofin ƙalubale, sai da aka sake wasan a Ibadan, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake. Ka ga shekara hamsin da ɗoriya ke nan, Baban Sadiq, ni ma ƙwallo na hana ni barci, don haka kada ka zargi kanka da yawa. A filin nan ba ka tambayar na kusa da kai daga wace unguwa ya fito. Rake ɗaya ake karyawa a raba.

Kuma ku sani ƙwallo ta taɓa tsayar da yaƙi a ƙasar nan. Da Pele ya zo lokacin yaƙin basasa an ajiye bindiga kwana biyu.

Malam na Firamare:
Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Zuwan Pele gaskiya ne, ƙungiyar Santos ta buga a Legas a watan Janairun 1969, aka tashi 2 da 2. Amma maganar tsagaita wutar nan, waɗanda suka bi jaridun lokacin ba su same ta a ciki ba, daga baya labarin ya yi ƙarfi. Legas ma ai nesa take da inda ake gwabzawa. Wanda yake a fili shi ne na Drogba. A 2005, da Kwaddibuwa ta samu gurbin gasar cin kofin duniya karon farko, a ɗakin canza kaya a Sudan ya sa 'yan wasa suka durƙusa gaban kamara suna roƙon a ajiye makamai. A 2007 kuma aka kai wasansu da Madagaska garin Bouake, hedikwatar 'yan tawaye. Duk da haka a ƙarshen 2010 rikici ya dawo bayan zaɓe.

Kawu Na Jets:
Malam, jiya ɗa ya gyara wa uba, yau kai ka gyara min. Wannan makon na yara ne. Ni dai haka na taso na ji.

Mai Gidan Kallo (Bauchi Road):
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran janareto ya huce in zuba mai. Ni a wajena ƙwallo da tashin hankali ba a waya suka haɗu ba. Ranar 24 ga Mayu 2014, wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, Real Madrid da Atletico. Kwana huɗu ke nan da tashin bama-baman kasuwar Taminus, inda mutum sama da 100 suka rasu. Matata ta ce kada in buɗe. Na ce ranar da zan samu kuɗin hayar wata guda za ki ce in rufe? Na buɗe, amma na tsaya a ƙofa da kaina ina laluben kowa, har wanda na sani tun yana tsumman goyo. Atletico na gaba da ci ɗaya, benci ya cika har ana zama a ƙasa, sai muka ji ƙarar. Ba a wajena ba ne, kusa da wani gidan kallon ne a hanyar nan, amma kwanon rufina sai da ya amsa. Abin da ban manta ba shi ne shirun da ya biyo baya, kamar daƙiƙa biyu, ba ka jin komai sai muryar mai sharhi a talabijin yana ta zuba. Sannan aka watse. Ƙofata ta langa-langa ce, da ita aka fita.

Da na dawo rufewa, silifa ne zube a ƙasa sun fi ƙafa talatin, da wata hula, da ledar gyaɗa ba a buɗe ba. Talabijin na nan a kunne, ba kowa, ana ƙarin lokaci. Ƙwallon da Ramos ya farke a minti na 93, wadda duniya ke magana har yau, ni sai washegari na gan ta. Silifan nan na tara su a buhu, wata guda ana zuwa ana ɗauka, wasu har yau ba a zo ba.

Bayan makonni uku aka kai hari wani gidan kallo a Damaturu ana wasan Brazil da Mexico. Gasar kofin duniya ta shekarar kusan a rufe na yi ta. Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Ajantina, yaron garin nan, a ɗakina na kalla ni da yarana, ba ihu.

Maman Hanifa:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ranar ƙanena yana wajen kallo, sai ƙarfe ɗaya na dare ya shigo ba takalmi.

Mai Gidan Kallo (Bauchi Road):
Amin Hajiya. Ki tambaye shi ko nasa na cikin buhuna. Amma ga abin da nake so ki duba. Yanzu rabin shagon na mayar da shi gidan gem, PS4 guda huɗu, wanda aka ci ya tashi ya biya. Yaran da ke zuwa akwai na Unguwar Rogo, akwai 'yan jami'a daga ko'ina, akwai waɗanda iyayensu ba za su taka unguwar juna ba bayan magariba. A kan benci ɗaya suke, faɗansu bai wuce wa zai ɗauki Madrid ba. Ni na fi son yaro yana gabana yana harbin ƙarya da a ce yana lungu ban san me ake hura masa a kunne ba. Kuma yawancinsu ma ƙwallo suke bugawa, har yanzu FIFA suke ce mata duk da tun 2023 an sauya sunan zuwa FC.

Maman Hanifa:
Ba na musu. Amma kai kana rufewa ƙarfe goma. Waya ba ta rufewa.

Na Chelsea Har Abada:
To bari in yi maganar kirki yau kada Anti ta cire ni daga addu'a. Duk mai cewa a raba ƙwallo da yaƙi bai goyi bayan Chelsea a 2022 ba. Rasha ta shiga Yukren 24 ga Fabrairu, a watan Maris gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Abramovich, ɗan Rasha mai Chelsea a lokacin, takunkumi, ba sayen ɗan wasa, ba sayar da sabon tikiti, kafin ƙarshen Mayu an sayar da kulob. Ni ina Dilimi ina gyaran waya, tankar yaƙi ta motsa a wata duniya, ƙungiyata ta canza hannu. Burodi ma ya tashi, tunda alkamar duniya da yawa daga can take fitowa.

Abin da ke ci min rai shi ne kwana huɗu kacal aka ɗauka FIFA da UEFA suka dakatar da Rasha. Aka ɗauke wasan ƙarshe daga St Petersburg aka kai Paris. Har a cikin gem ɗin FIFA 22 sai da aka cire ƙungiyoyin Rasha. Gaza kuwa aka shekara biyu ana ruwan wuta, Isra'ila na buga wasanninta. Da aka kashe Sulaiman al-Obeid a watan Agustan 2025, wanda ake kira Pelen Falasɗinu, UEFA ta yi ta'aziyya ba ta faɗi yadda ya mutu ba, sai da Mohamed Salah ya fito fili ya tambaye su ta yaya, a ina, kuma me ya sa.

Admin:
Jama'a a yi hattara, kada mu gangara inda muka gangara wancan watan har mutum biyu suka fita. A faɗi abin da aka tabbatar, kada a zagi kowa.

Na Chelsea Har Abada:
Ban zagi kowa ba ranka ya daɗe, lissafi na yi.

Ɗalibin Khartoum:
Ban cika magana a nan ba, amma yau zan yi. Ina Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙin Sudan ya ɓarke, cikin azumi. Ni ɗan gem ɗin harbi na PUBG ne na gaske, har ina ganin na san ƙarar kowace bindiga. To gem bai gaya min cewa ƙarar tana shiga ta ƙirji ba kafin ta kai kunne. Bai gaya min warin ba. Bai gaya min cewa mafi yawan yaƙi zaman jira ne: jiran ruwa, jiran caji, jiran motar da aka ce tana zuwa. Mu bakwai a ɗaki ɗaya ƙasan gado, da wayar da ta rage da caji kashi 30. Kun san me muka yi da ita? Ludo muka buga. An yi gardama a kai, wani ya ce a ajiye don kiran gida, amma dare ya yi tsawo, jirage na wucewa, muka buga zagaye biyu muna raɗa. Wanda ya fi kowa kuka da rana shi ya ci, har ya yi dariya.

Daga baya muka kwana da kwanaki a iyakar Masar cikin sahara kafin a kwaso mu ta Aswan a watan Mayu. Tun da na dawo ban sake buɗe PUBG ba, ba don na haramta ba, hannuna ne ke rawa. Ƙwallo kuwa na fi da kallo. Al Hilal da Al Merrikh, manyan ƙungiyoyin Sudan, sun rasa inda za su buga har sai da suka shiga lig ɗin Muritaniya. Ƙungiyar ƙasar Sudan ba ta da gida, a Binghazi ta Libiya ta karɓi Ghana ta ci ta 2 da nema a 2024, ta samu gurbin kofin Afirka Ghana ba ta samu ba, kuma kocinsu Kwesi Appiah ɗan Ghana ne. Daren nan wani abokina ɗan Omdurman da ke gudun hijira ya kira ni, minti huɗu ba abin da yake yi sai ihu. Gidansu ya rushe, bai san inda yayansa yake ba, yana ihun ƙwallo.

Don haka Baban Sadiq, ni ba zan ce maka ka ji kunyar fenareti ba. Amma matar da ka gani ka wuce, in ka sake ganin irinta, ka ɗan tsaya ka karanta sunan garin. El Fasher ne ko Wad Madani, akwai mutane a can da suke da suna, wasunsu ma Hausa suke ji.

Kawu Na Jets:
Allah ya yi maka albarka yaro. Allah ya bayyana yayan abokin naka.

Malam na Firamare:
Amin. Wannan ya tuna min da Mikel, shi ma haihuwar Jos. A 2018, sa'o'i kaɗan kafin wasanmu da Ajantina a Rasha aka kira shi aka ce an sace mahaifinsa. Bai gaya wa koci ba, ya ɗaura kambun kyaftin ya buga minti 90. Mu muna nan muna zaginsa a gidan kallo wai ba ya gudu.

Ɗan Rikkos, tunda kai ne masanin, akwai gem ɗin da ake buga farar hula maimakon soja?

Ɗan Rikkos:
Akwai Malam, This War of Mine, 'yan Poland suka yi shi a 2014, daga labarin ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo. Ba ka da bindigar kirki, neman abinci da magani kake, wani lokaci sai ka zaɓa tsakanin ka yi wa tsofaffi sata ko naka su kwana da yunwa. Na buga kwana biyu na goge, ba daɗi. Ba wanda zai biya kuɗi a gidan gem ya buga wannan.

Maman Hanifa:
Turo min sunan ta gefe. Su ukun nan sai sun buga shi kafin in mayar musu da caja.

Baban Sadiq (Gangare):
Na gode jama'a, musamman ɗalibinmu. Na koma neman bidiyon matar ban same shi ba, ya nutse a cikin dubu. Sadiq ya dawo daga makaranta na karanta masa abin da ka rubuta, ya yi shiru, can ya ce wai Ludon wane iri ne, na mutum huɗu ko na shida, tunda ku bakwai ne.

Ɗalibin Khartoum:
Ka ce masa na huɗu ne. Uku suna jiran layi, wanda aka fara cinyewa ya ba da wuri.

Mai Gidan Kallo (Bauchi Road):
Dokar shagona ke nan. Af, an kawo wuta. Mai zuwa kallon na ƙarfe tara ya taho da rigar sanyi, iskar yau ba ta wasa ba ce. Kawu, na ajiye muku kujerar roba ta gaba.

Kawu Na Jets:
Su wa ke bugawa?